Tabon da Nadine Ta Ce Ƙurar Kwal Ce

Shekara talatin da ɗaya Nadine Slone ta yi tana ɗaukar hoton ƙirjin mutane a ƙaramin asibitin garinmu, can cikin duwatsun gabashin Kentucky, kuma in ka ce ta fi sanin cikinmu a kan fuskokinmu ba ka yi ƙarya ba. Ita ce auta a cikin 'ya'ya bakwai na wani mahaƙin kwal. Ubanta da tari ya mutu, kakanta ma haka, ita kuwa ta tashi tana tsinkar ganyen taba a 'yar gonar uwarta har hannuwanta suka rine. Ita kaɗai ce a gidansu ta wuce sakandare. Ta taɓa aure, mijin ya tafi Detroit neman aiki, ya sami aikin ya kuma sami wata matar a can. Nadine ta ci gaba da amsa sunansa, wai don an riga an ɗinka shi a ƙirjin rigar aikinta kuma ba ta da lokacin warware zare.

Ba likita ba ce, a riƙe wannan. Aikinta ta kwantar da kai a kan siririn gadon nan mai shiga cikin zoben na'ura, ta ce ka ɗaga hannu sama, ka ja numfashi, ka riƙe, sannan ta danna. Karanta hoton kuwa aikin likita ne. Doka ce mai ɗaukar hoto ba ya gaya wa kowa abin da ya gani, kuma ta riƙe dokar nan tamkar addini. Ko da kabarin uwarta ka haɗa ta, abin da za ka samu bai wuce "Likita zai kira ka" ba.

Amma fa tana gani. Huhun mutanenmu ba irin na cikin littafi ba ne. Ga ƙurar kwal, ga sigarin da ake fara zuƙa tun ana ɗan shekara goma sha biyu a bayan rumbu, ga wata cuta da ke cikin ƙasar akurkin kaji wadda ke shiga ta fita ta bar tabo ba ka ma sani ba. Da wuya ka haska huhu a nan ka same shi fes. To a cikin wannan tarin tabon ne Nadine kan hango guda ɗaya da hankalinta bai kwanta da shi ba. Sai ta yago 'yar takarda rawaya, ta rubuta lambar mai hoton, ta ƙara da "dama, sama, a duba da kyau", ta manna a ƙofar likita.

Likita Menon mutumin Indiya ne da ya zo mana da niyyar shekara biyu ya yi ashirin da biyu. Shi kaɗai ke karanta hotunan asibitoci uku, kullum idanunsa jawur. Da safe yakan ɓamɓare takardun Nadine daga ƙofa, ya fara da masu takarda, ya zauna a kansu har sai ya gamsu. Sauran kuma ya bi su da hanzari. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, aiki ne ya yi yawa, abin ya zama jiki.

Garin da bai fi a tara shi a filin ƙwallo ɗaya ba, me zai ɓoyu a cikinsa? Kowa ya san da takardar rawaya. Duk wanda aka gano ciwon dajin huhunsa da wuri, aka yanke, ya tashi ya koma gonarsa, Nadine yake kai wa tukwici. Kek ɗin busasshen tuffa mai hawa bakwai, kwalbar zuma, cinyar barewa lokacin farauta. Ranar Lahadi kuma in fasto ya ba da damar shaida, mutum ya miƙe ya ce ya gode wa Ubangiji, ya gode wa idon 'Yar'uwa Nadine. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta kamar ba ta so, alhali kunnuwanta a buɗe suke ba ta barin ko kalma ɗaya ta faɗi ƙasa. Ba miji, ba ɗa, ba gidan a zo a gani. Idon nan shi ne abin da ta mallaka a duniya.

Sai bara waccan aka kawo ƙirƙirarriyar basira. Da ma wani ƙaton ƙarfe ne mai ƙugi, da an san da wa ake faɗa. A'a, manhaja ce kawai a cikin kwamfutar likita. Kafin mutum ya gama ɗaura igiyar takalminsa ta bi hotonsa yanka-yanka, ta zagaye duk tabon da take zargi da jan layi, ta auna shi, ta ɗauko hoton bara ta gwada. Nadine ta raɗa mata suna 'Yar Birni, kuma ba ta taɓa faɗin sunan ba tare da ta taɓe baki ba.

Da farko ta ci gaba da manna takardunta. Wata safiya ta tarar da guda ta faɗo a bakin ƙofa, da sawun takalmi a kanta. Ta ɗauka ta shiga.

"Likita, takardata ce a ƙasa."

"Af, yi haƙuri, Malama Nadine." Ko waiwayowa bai yi sosai ba. "Na Hensley ne ko? Ai ta riga ta nuna mini. Ga shi nan ta zagaye."

"Ta riga ta."

"Ki huta da rubutun nan haka. Kin yi mana iya yi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, bawan Allah. Amma da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Burl Hensley ɗin nan, tsohon direban motar kwal, Nadine ce ta je har shagon aski ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti, yana ta zille-zille wai shi lafiyarsa ƙalau. Da aka yi masa aiki ya warke, sai ya miƙe a coci, hula a hannu, ya ce ya gode wa Ubangiji da ya ba ɗan'adam hikimar ƙera kwamfutar da ta ga abin da ido ba ya gani. Jama'a suka ɗauki amin. Washegari ya zo da kek mai hawa bakwai, ya wuce ɗakin Nadine, ya dire shi a teburin likita kusa da allon kwamfutar.

"A ba yarinyar nan ta ci," in ji shi, yana ƙyalƙyala dariya. "In ba ta ci, ku taya ta."

Kowa a asibitin ya yanki rabonsa. Nadine ta ce sukarinta ya hau, ita da ba ta taɓa ciwon sukari ba.

Kishi ne, ba wani suna da za a ba shi. Kishin abin da ba shi da fuska, ba ya jin habaici, ba ya ma san tana duniya ba. Kullum in ta ɗauki hoto sai ta yi sauri ta duba kafin jan layin ya fito, in sun dace ta ce sata aka yi mata, in sun saɓa ta ce ga shi nan, baƙuwa ba ta san gari ba. Kuma gaskiya 'Yar Birni takan yi ihu a kan banza. Sau nawa ta zagaye tsohon tabon kaji aka tayar wa mutum da hankali, aka sake dubawa ba komai? Irin wannan ranar Nadine har 'yar waƙa take yi a mota.

Cikin 'yan'uwanta shida, Dewey kaɗai ya rage a gari. Shi ne babba, ya girme ta da shekara goma sha biyu, shi ya shiga ramin kwal yana ɗan sha bakwai da ubansu ya kwanta, shi ya tsaya mata har ta gama karatu. Shekara ashirin da tara ya yi a ƙarƙashin ƙasa, sigari kuwa bai ajiye ba sai da matarsa Opal ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ciwon dajin huhu ne ya ɗauke ta, an gano shi bayan ya riga ya bazu. Dewey ba ya yarda da likita, ba ya yarda da gwamnati, fasto ma rabi da rabi. In kana ganinsa a asibiti duk shekara yana kwanciya a gadon nan, to don Auta ta ce ne.

Bana ma ya zo, ta ɗauke shi, ta duba da kyau kamar yadda take duba nata. Huhunsa kamar bangon kicin ɗin da aka shekara ana girki da itace. Akwai wani ɗan tabo a hagu, manne da wani tsohon tabo, ta tsaya a kansa, ta ce a ranta ƙurar kwal ce, ta wuce. Bayan kwana shida wasiƙa ta iske shi.

Ranar Lahadi bayan coci ta je gidansa da tukunyar wake da burodin masara, kamar yadda ta saba. Suna baranda, sun gama ci, ya zaro wasiƙar daga aljihun riga ya miƙa hannu da ita nesa, don ya ƙi sayen tabarau.

"Wai in koma cikin wata guda. Wai wani abu ya ƙara girma, za su tura ni birni a tsakuro shi a gani." Ya dube ta. "Kin ga hoton nan, Auta?"

"Yaya, ka san ba na magana a kan hoto."

"Nan ba asibiti ba ne, barandata ce. Ni na kafa ta."

"Ko a ina ne. Ka je kawai yadda suka ce."

Da ya bar maganar a nan, da ba ni da labarin da zan ba ku. Sai ya ce, "To, zan je. Burl ma ya ce abin nan ya fi ido. Ya ce ke kanki kin sallama mata, yanzu maɓalli kawai kike dannawa."

"Burl ne ya ce haka?"

"Ba da mugunta ba. Zamani ne. Mu ma ai inji ne ya fitar da mu daga rami."

A ce yayanta, wanda ya saya mata takalmin zuwa makaranta, shi ma ya bi sahun masu yi wa kwamfuta godiya. Dokar da ta riƙe shekara talatin da ɗaya, ko ga masu kuka ba ta karya ba, nan ta saka ta a ƙasa ta taka.

"Na ga hoton," in ji ta. "Na gan shi da idona. Ƙurar kwal ce, Yaya. Rabin mazan garin nan suna da irinsa. Abar nan a kan huhun 'yan ofis aka koya mata aiki, mutanen da ko hayaƙin murhu ba su taɓa shaƙa ba. Ta ga huhun namiji ta tsorata."

Dewey ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. "Ta tsorata! To ai shi ke nan. Da ma na ce in akwai abu ke za ki fara gani." Ya ninke wasiƙar gida huɗu, ya sunkuya ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa, ya girgiza teburin ya ga ya tsaya. "Ga amfaninta nan."

Ta koma gida ranta fari tas, kamar wadda aka biya wa wata tsohuwar buƙata. A nan kam ina jin haushinta, kuma ba zan ɓoye ba. Ta san magana zarar bunu ce. Ta kuma san mutumin da take gaya wa.

Sati goma suka wuce. Ma'aikaciyar jinyar da ke bin sawun masu wasiƙa ta kira Dewey sau uku. A na ukun ya ce mata ta daina ɓata kuɗin waya, wanda ya fi su sani ya riga ya duba. Wata ranar Talata da azahar Likita Menon ya leƙo ɗakin hoto ya ce Nadine ta zo. Ya rufe ƙofa, abin da ba ya yi.

"Ba zan tambaye ki wa ya gaya masa ba," in ji shi. "Zauna ki gani."

Ya jera hoton bara da na bana. Ga jan layin a hagu.

"Na gan shi," in ji ta. "Tabo ne. Bara ma yana nan."

"Bara milimita shida. Bana tara."

"Uku kacal."

"A faɗi ke nan. In aka auna jikinsa duka, ya ninka fiye da sau biyu. Tabon ƙura ba ya irin wannan girman a shekara ɗaya, kin fi ni sani."

"Ido ba mudu ba ne, Likita, amma ya san kima. Shekara nawa kana aiki da idon nan? Yau ka sami sabuwa."

"Ba gasa ake yi ba, Malama Nadine."

"A wurinka." Ta nuna allon kwamfutar. "Wa ya ce ta iya? Wa ya gwada ta a kan mutanenmu, ba mutanen birni ba?"

Ya cire tabarau ya murtsuke ido. Ya ce an gwada. Kafin asibiti ya karɓe ta, an ɗebo tsofaffin hotuna ɗari huɗu na nan garin, na mutanen da an riga an san yadda ƙarshensu ya kasance, aka goge sunaye aka ba ta. Akwai guda uku da ta tsallake, waɗanda su da ido suka kama a lokacin.

"Uku!" Nadine ta gyara zama. Wallahi har fuskarta ta washe. "Ka ji ko? Uku. Mutum uku da sun mutu in ta ita aka bi."

"Haka ne. Shi ya sa nake nan, shi ya sa kike nan."

"Ita kuma nawa ta kama da muka wuce?"

Bai so ya faɗa ba. Sai da ta maimaita, sannan ya ce goma sha ɗaya.

"Nuna mini."

"Ba amfani. Sa hannuna ne a kansu, ba naki ba. Ni ne likita."

"Ka nuna mini, in ga irin shirmen da take kira kamu."

Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Tana kallo tana tsaki, wannan ai kowa zai wuce shi, wannan a bayan haƙarƙari ya ɓuya. A na bakwai ta tsaya. Ba jan layin take kallo ba, sama take kallo, wajen kafaɗar dama, inda ƙashi ya taɓa karyewa ya ɗoru a karkace, ya yi ɗan tudu kamar gwiwar rake. Ba suna a hoton, likita kansa bai san na waye ba. Amma Nadine tana wurin ranar da Opal ta faɗo daga saman rumbun shanya taba, tana amarya, kuma ita ce ta riƙa taje mata kai sati shida don hannun ba ya ɗaguwa.

Ta dubi kwanan watan. Wata goma sha huɗu kafin ranar da aka ce wa Opal ya riga ya bazu. Ga shi nan ɗan mitsitsi, bai kai ƙwayar masara ba, shi kaɗai, bai je ko'ina ba tukuna. Ta tuna ranar. Suna ta hirar yadda ake jiƙa kokwamba a kwalba, Opal na dariya a kan gadon har sai da aka sake ɗauka. Ta duba hoton, ba ta ga komai ba, ba ta manna takarda ba. Kuma ta san yadda likita ke bin hoton da ba takarda.

"Kin san mai shi?" in ji Likita Menon a hankali.

Ta miƙe. "Zan kawo maka shi," kawai ta ce.

Ranar Asabar da hantsi ta same shi a bayan gida yana faskare. Ya dogara gatarin da kututture, yana haki fiye da yadda ya kamata.

"Yau ba Lahadi ba, kuma ba tukunya. Lafiya?"

"Yaya, maganar hoton nan. Na yi kuskure. Ka je a duba."

Ya dube ta ya yi murmushi. "Sun matsa miki ko? Ɗan Indiyan nan ne, ko manyan ofis? Sun ce in ba ki bi bayan kwamfutarsu ba za su sallame ki."

"Ba wanda ya matsa mini. Na sake dubawa. Ya girma."

"Auta, tun kina rarrafe na san ki. Ranar nan a baranda da bakinki kika yi magana. Yau da bakin wasu kike yi." Ya ɗauki gatarin. "Shekara talatin ba ki taɓa kuskure ba, sai a kaina? Ki ce musu kin faɗa mini, na ƙi. Ba ruwanki."

Ka ji inda sunan da ta gina ya zame mata katanga. Duk kek ɗin da ta ci, duk shaidar da aka yi mata a coci, su ne suka tsaya tsakaninta da ran yayanta. Ta roƙe shi, ya yi dariya. Ta yi masa faɗa, ya ce ta gaji halin uwarsu. Ta ambaci 'yarsa Renee da ke Ohio da jikokinsa biyu, ya ce ai su ma sun san idon gwaggonsu. Tana tsaye a cikin ɓaraguzan itace ta gane hanya ɗaya ce ta rage, ta kuma san abin da za ta ci mata.

"Na taɓa kuskure," in ji ta. "A kan Opal."

Gatarin ya tsaya a sama, sannan ya sauko a hankali.

Ta gaya masa duka, ba ta rage ba, ba ta kuma ɗora wa likita ba, ko da yake da ta so akwai wurin ɗorawa. Ta faɗi kwanan watan. Ta faɗi ƙashin kafaɗar. Ta ce abin yana nan ƙarami, irin wanda ake yankewa mutum ya tashi, ita ta dube shi ta wuce, na'urar kuwa da aka ba ta hoton ta zagaye shi nan take.

"Wata goma sha huɗu," in ji Dewey.

"E."

"Da an yanke?"

"Ban sani ba, Yaya. Watakila."

"Burl an yanke masa."

"E."

Ya daɗe yana kallon tudun da ke bayan rumbu, inda maƙabartar danginsu take. Sannan ya tambaye ta abin da take tsoro. "To ranar nan a baranda, da kika ce ƙura ce. Kin tabbata ne kika faɗa?"

Da ta ce e, da ya yafe, don kuskure kowa na yi. Amma ta gaji da kanta.

"Ban tabbata ba. Haushi na ji da ka yabe ta."

Bai zage ta ba. Ya jingine gatarin, ya kakkaɓe hannu, ya shiga gida ya ja ƙofar. Ta tsaya har ta ji muryarsa ta taga yana tambayar mai amsa waya a ba shi ofishin Likita Menon, duk da Asabar ce ba kowa.

Gwajin birni ya nuna ciwon daji ne. Aka sa ranar aiki cikin sati uku, a wani babban asibiti a Lexington. Renee ba ta sami izini a wurin aiki ba, don haka Nadine ce ta tuƙa shi. Tafiyar awa uku, abin da ya fito daga bakinsa bai wuce "bi ta dama" sau ɗaya ba. A teburin karɓar marasa lafiya, matar da ke cike takarda ta tambaye shi wa za a sanar in an fito.

"'Yata, Renee." Ya karanto lambar da ka.

Matar ta dubi Nadine. "Wannan fa, Baba?"

"Ita ta kawo ni."

Aka wuce da shi. Nadine ta zauna a ɗakin jira, tsakanin wani iyali masu cin dankali a leda da talabijin da ba wanda ke kallo. Awa huɗu tana kallon ƙofar nan mai buɗewa biyu. Can likitar da ta yi aikin ta fito, matashiya, da hular tiyata a kanta, ta duba takarda, ta waiga ba ta kira kowa ba, ta je lungun taga ta danna waya. Taku biyar ne tsakaninsu. Nadine ta kasa kunne kamar ɓarauniya.

"Renee ce? An gama lafiya. Mun cire shi duka, kuma a yadda muka gani bai je ko'ina ba. Mahaifinki ya yi sa'a. Da an ƙara wasu watanni, da magana ta canza."

Nadine ta toshe baki da hannu biyu. Ta yi kuka sosai, na murna da na abin da ba murna ba, har matar da ke cin dankali ta miƙo mata tsumman takarda. Yayanta zai rayu. Kuma ta san sarai wa ta gano abin, ta san wa ta kusa binne shi. Ko a wannan lokacin, da za ka tsaga zuciyarta, za ka tarar ba ta yafe wa 'Yar Birni ba. Da ita ce ta gani, da yanzu tana ciki riƙe da hannunsa.

Ta ci gaba da zama, ko zai farka ya ce a kira ta. Wajen la'asar wayarta ta yi ƙara.

"Gwaggo, Renee ce. Ya farka, har ya fara faɗa da masu jinya."

"To, madalla. In shiga?"

"Ya ce ki tafi gida, Gwaggo. Wai Baba Burl zai zo ɗaukarsa ranar Alhamis. Me ya faru tsakaninku ne?"

"Ba komai. Shi ke nan abin da ya ce?"

"Ya ce karnukansa ba su ci komai ba tun safe. Abincinsu na cikin durom a bayan ƙofar kicin."

"To," in ji Nadine.

Ta ɗauki jakarta ta fita neman inda ta ajiye mota. Sai da ta zagaya filin sau biyu kafin ta gan ta. Ta tuƙa awa ukun nan ita kaɗai, ta wuce kwanar gidanta ba ta tsaya ba, ta je ta ba karnukan abinci.